Taɓa agogon cikin Windows yana ƙara wa gem gudu? Tambayoyi da amsoshi

Duk inda masu buga gem a kwamfuta suka haɗu, ba a jimawa wani zai jefo maganar "saita agogo": a mayar da shi 0.5, a kashe HPET, a rubuta wani umarni a baƙin allo, wai wasa zai daina cijewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa. Kusan dukkansu a kan Windows suke, don can ne rigimar take.

1. Wane agogo ake nufi? Wanda ke nuna ƙarfe nawa a ƙasan allo?

A'a, wancan ba ruwansa. Abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa da suna ɗaya. Na farko shi ne bugun da ke tayar da Windows lokaci-lokaci don ta duba ko akwai manhajar da lokacin farkawarta ya yi. In ba wanda ya nemi a canza, sau 64 yake bugawa a sakan guda, wato tsakanin bugu da bugu milisakan 15.625. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wannan tazarar ce ake cewa a rage zuwa 1 ko 0.5. Ba sabon abu ba ne: kwamfutar IBM ta 1981 ma da irinsa ta zo, nata yana bugawa kusan sau 18 a sakan.

Na biyu kuma ma'auni ne da manhaja ke leƙawa ta ga nawa ya wuce tun leƙenta na baya. Shi ba ya tayar da kowa, ƙirga kawai yake yi. Maganar HPET da TSC, sunayen ma'aunai biyu irin wannan, a nan ta fi shiga. Tambaya ta 2 zuwa ta 6 a kan bugun suke, ta 7 da ta 8 a kan ma'aunin.

2. Me ya haɗa wannan bugun da wasa?

Abin da kake gani yana motsi a allo jerin hotuna ne, kowanne ana ce masa firam. Wasan da ke tafiya a FPS 60, wato firam 60 a sakan, yana da milisakan 16.7 ya gama kowane firam. A 144 lokacin ya koma 6.9, a 240 kuma 4.2. Idan wasa ya gama firam da wuri kuma an ƙayyade masa iyaka, sai ya ce wa Windows: zan ɗan kwanta na milisakan ɗaya, ki tashe ni.

Matsalar ita ce Windows ba ta tashinsa sai bugu ya zo. Kamar mai gadin da ba ya leƙa ƙofa sai bayan kowane minti goma sha biyar ne: wanda ya iso daf da leƙensa ya shiga nan take, wanda ya iso bayan ya juya baya sai ya yi ta tsayuwa. Wasan da ya nemi barcin milisakan 1 zai iya shafe kusan 15.6 bai farka ba. A FPS 144 an yi asarar firam biyu ke nan. Ido ba ya ganin lambar, amma yana ganin hoton ya ɗan cije sannan ya zabura.

3. To in na mayar da shi milisakan 1, FPS ɗina zai ƙaru?

Mafi yawan lokuta, ko kaɗan. Masu rubuta gem sun san wannan matsalar tun da daɗewa, shi ya sa mafi yawan wasanni da zarar sun buɗe suke neman milisakan 1 da kansu, ta wata hanya da Microsoft ta tanada mai suna timeBeginPeriod. Kai da ka zo daga baya da taka manhajar, abin da aka riga aka yi kake maimaitawa.

Ban da haka, yawan FPS katin girafik da furosesa ne ke yanke shi. Idan katinka firam 45 yake iya zanawa a sakan, ba bugun agogon da zai mayar da shi 60. Inda ake iya ganin bambanci shi ne daidaiton tazarar firam, a tsofaffin wasanni ko ƙananan wasannin da suka manta ba su nemi komai ba. Su ma ɗin, sauyin 2020 ya rufe tsohuwar hanyar taimaka musu daga waje, kamar yadda yake a tambaya ta 5.

4. Idan ba ya aiki, daga ina labarin ya samo asali?

Da can yana aiki, kuma sosai. Shekara da shekaru bugun nan na gama-gari ne: manhaja ɗaya ta nemi milisakan 1, duk kwamfutar ta samu. Masu ɗora sabar Counter-Strike a kan Windows sun lura sabarsu na maƙalewa a wajen zagaye 64 a sakan, amma da sun buɗe Windows Media Player sun bar shi a gefe sai ta haura ɗaruruwa. Ba tsafi ba ne. Manhajar kiɗan ce ke neman bugu mai sauri don sauti ya tafi daidai, sabar ta ci albarkacinta.

Daga nan aka fara rubuta ƙananan manhajoji da ba su da wani aiki sai riƙe bugun a ƙasa. TimerResolution na cikinsu, haka ISLC ta Wagnardsoft, wadda ta haɗa wannan da share ma'ajiyar wucin gadi. Shawarar ta yi ta yawo daga bidiyo zuwa bidiyo, Windows ta canza ta bar ta, masu yaɗa ta ba su waiwayo ba.

5. Me ya canza a 2020?

A sabuntawar Windows 10 mai lamba 2004, wadda ta fito a watan Mayun 2020, Microsoft ta daina raba wa kowa. Manhajar da ta nema ita ke samu. Wadda ba ta nema ba, ba a yi mata alkawarin komai fiye da tsohon 15.6 ba, ko da maƙwabciyarta na gudu a milisakan 1. Bruce Dawson, injiniyan da ya yi aiki a kan Chrome, yana cikin waɗanda suka auna suka bayyana wannan sauyi a shekarar, tun kafin bayanan Microsoft su fayyace shi.

Windows 11 ta ƙara wani sharaɗi: idan tagar manhaja a naɗe take ko wata ta rufe ta gaba ɗaya, kuma ba sauti take fitarwa ba, ba lallai a biya mata buƙatarta ba. Wannan kai tsaye ya shafi manhajojin tambaya ta 4, tunda aikinsu ke nan, su zauna a ɓoye.

Akwai ƙofa ɗaya da aka bari a Windows 11. A cikin rajista (Registry, inda Windows ke ajiye saitunanta), ƙarƙashin Session Manager sannan kernel, ana iya ƙirƙirar GlobalTimerResolutionRequests a ba shi 1, tsohon tsarin gama-gari ya dawo bayan an sake kunna kwamfuta. Wanda ke kan Windows 10 daga sabuntawa mai lamba 2004 zuwa sama kada ya wahalar da kansa, ba a san wannan mabuɗin a can ba. Ni dai ban ga dalilin taɓa shi ba sai ga mai wani tsohon wasa da ya tabbatar yana cijewa saboda wannan.

6. Ai 0.5 ya fi 1 sauri ninki biyu, ko?

A lissafi haka ne. A aikace rabin milisakan ake magana, kuma shi ne mafi munin jiran da za a rage, ba abin da ake samu a kowane firam ba. Kuɗinsa kuwa a bayyane yake: katse furosesa sau 2,000 a sakan maimakon 1,000. Hanyar da Microsoft ta rubuta a hukumance a 1 ta tsaya. Ana kaiwa 0.5 ne ta wata ƙofar ciki mai suna NtSetTimerResolution. Masu cewa 0.504 ko 0.507 ya fi 0.500 santsi, a nemi su nuna awo irin na tambaya ta 11.

7. Mene ne HPET, kuma me ya bambanta shi da TSC?

Dukkansu ma'aunan lokaci ne. TSC a cikin furosesa yake, tun Pentium na 1993. Da farko yana da aibi: gudunsa na bin gudun furosesa, in ta rage sauri don adana wuta shi ma ya rage, kuma ƙwayoyin furosesa biyu kan iya saɓawa a ƙirga. Intel da Microsoft suka fito da HPET a tsakiyar shekarun 2000, ma'auni mai zaman kansa a kan babban allon cikin kwamfuta (motherboard), wanda a injuna da yawa ke gudu a megahaz 14.318.

Daga baya aka gyara TSC. Tun furosesoshin Intel na Nehalem na 2008, da takwarorinsu na AMD, yana ƙirga da gudu ɗaya komai hawa da saukar furosesa. Shi ya sa Windows ta zamani shi take zaɓa da kanta. Bambancin da ya shafi mai gem shi ne tsadar tambaya. Bisa bayanin Microsoft, karanta lokaci ta TSC na ɗaukar kamar nanosakan 30, karanta ma'aunin da ke kan babban allo kuwa kusan maikurosakan ɗaya, wato nanosakan 1,000. Ninki wajen talatin ke nan, ga shi akwai wasannin da ke tambayar lokaci sau dubbai a sakan.

8. In kunna HPET ko in kashe?

A duk maganar nan, wannan ce kaɗai za ta iya cin FPS ɗinka har ka gani da ido, kuma ta hanyar ɓarna ce. Umarnin bcdedit /set useplatformclock true yana tilasta wa Windows ta bar TSC mai arha ta koma ma'aunin babban allo mai tsada, irin HPET. Microsoft da kanta ta rubuta cewa don binciken matsala aka tanade shi. Amma ya bazu. Masu gasar ƙure gudun furosesa sun rungume shi bayan 2013, lokacin da dandalin HWBOT ya daina karɓar sakamakon Windows 8 saboda canza gudun babban allon kwamfuta daga cikin Windows na sa agogo ya kauce. A 2017 kuma manhajar Ryzen Master ta farko, ta saita furosesoshin AMD, ta buƙaci a kunna shi, kafin AMD ta cire wannan sharaɗin. Kwamfutoci da yawa haka aka bar su.

Ko ƙwararru ya taɓa rutsawa da su. A watan Afrilun 2018 mujallar AnandTech ta fitar da gwajin furosesar Ryzen 7 2700X ta AMD da ya nuna ta doke Core i7-8700K ta Intel a wasanni, saɓanin abin da sauran masu gwaji suka samu. Da suka bincika sai suka gano HPET a tilasce yake a injunansu, kuma ya fi danne na Intel. Suka cire, suka sake gwaji, lambobin suka canza.

Don haka in ka ji wani ya ce "na kashe HPET, FPS ya tashi", kusan kullum abin da ya faru shi ne ya cire tilascin da shi ko wani ya taɓa sakawa. Wanda bai taɓa tilasta shi ba, ba abin da zai kashe. Kashe shi a Device Manager yawanci ba ya canza ma'aunin da Windows ke amfani da shi, a BIOS kuma, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, gara a bar shi yadda ya zo. Yadda za ka duba naka yana tambaya ta 10.

9. Su disabledynamictick da useplatformtick fa?

Daga Windows 8, ta 2012, in kwamfuta ba ta da aiki Windows kan tsallake wasu bugun don furosesa ta samu dogon hutu. Na farkon yana hana wannan tsallaken. To lokacin da kake tsakiyar wasa kwamfutar ba hutu take ba, don haka abin da ka hana ɗin da ma ba ya cika faruwa. Na biyun yana mayar da tushen bugun kan wani agogon babban allo. Su ma Microsoft ta sa su a sahun kayan binciken matsala. Wasu na rantsuwa linzaminsu ya fi laushi bayan sun saka, wasu na rantsuwa ya fi nauyi, kuma umarni ɗaya suka rubuta.

10. Yaya zan san halin da kwamfutata take ciki yanzu?

Buɗe Command Prompt da izinin admin ka rubuta bcdedit /enum. Karanta layukan da ke ƙarƙashin Windows Boot Loader. In ba ka ga useplatformclock ko useplatformtick ko disabledynamictick ba, lafiya lau, ba a taɓa maka komai ba. In ka ga useplatformclock da Yes a gabansa, ka kama ɓarawon. Wannan dubawar ta fi zama dole ga wanda ya sayi kwamfuta ta hannu, ko aka ɗora masa irin Windows ɗin nan da aka yi wa kwaskwarima wai don gem.

Don ganin bugun, ClockRes ta Sysinternals ƙarama ce kuma kyauta. Layi uku take bayarwa: mafi tsawo 15.625, mafi gajarta 0.500, sai na yanzu. Gudanar da ita wasa na rufe, sannan wasa na buɗe. Sai dai a kula, tun sauyin tambaya ta 5, ganin 1.000 a layin ƙarshe na nufin wata manhaja ta nema, ba lallai wasanka ne ke morewa ba. Wanda zai faɗa maka sunan mai neman shi ne powercfg /energy. Yana sauraro na sakan 60, ya ajiye rahoto mai suna energy-report.html. A ciki za ka ga jerin manhajojin da suka nemi a rage tazarar, kuma kada ka yi mamaki in ka tarar da burauzarka a sahun gaba.

11. Na canza kuma na ji wasa ya fi santsi. Ba hujja ba ce?

Gani ya kori ji. Wanda ya ɓata rabin awa yana saiti yana so ya ji bambanci, kuma zai ji. Ga shi kowane irin wannan saiti sai an sake kunna kwamfuta, sake kunnawar kaɗai kan rufe tarkacen da ke cin ƙarfi a bayan fage, sai a ba agogo lada.

Ɗauki CapFrameX ko PresentMon, masu rubuta tsawon kowane firam. Zaɓi wuri ɗaya a wasan, hanya ɗaya, minti ɗaya ko biyu. Yi aƙalla sau uku kafin canji, sau uku bayansa, abu ɗaya kake canzawa a lokaci guda. Kada ka tsaya kan matsakaicin FPS. Dubi kashi 1 cikin 100 na firam mafiya jinkiri, don nan cijewa ke ɓuya. In gwaje-gwajenka uku na farko sun saɓa da juna da firam huɗu, sannan saitin ya ba ka ƙarin biyu, ba ka samu komai ba. Kuma ka bar injin ya ɗumama tukuna. Laftof mai sanyi da wadda ta yi awa guda tana aiki ba gudu ɗaya suke yi ba.

12. Zai rage jinkirin linzami ko ping?

Linzami ba ya jiran wannan bugun. Nasa zagayen ta USB yake: mai 125 a sakan yana aika motsi kowane milisakan 8, mai 1,000 kowane milisakan 1. Abin da ya fi rage nauyin hannu shi ne ƙarin FPS, allo mai saurin sabuntawa, kashe V-Sync, saitin da ke sa wasa jiran allo kafin ya nuna firam, in ka iya jure yagewar hoto, da kunna NVIDIA Reflex ko AMD Anti-Lag inda akwai.

Ping kuwa, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar ya dawo, tafiya ce. Haske a cikin wayar fayiba kilomita 200 yake ci a milisakan guda, ba mai ƙara masa. Wanda ke Kano ko Maraɗi yana wasa a sabar Turai, saƙonsa sai ya gangara gaɓar teku, ya bi ta ƙarƙashin ruwa, ya dawo, abin da kan haura milisakan 100. Rabin milisakan na tambaya ta 6 ba ya ko motsa wannan.

13. Akwai illa ga laftof?

Akwai, ko da ba ta lalata komai. Furosesar da ake tasa sau dubu ko dubu biyu a sakan ba ta samun shiga barci mai zurfi, sai ta ƙara shan caji da ɗumi. Lokacin wasa ba a damu ba, tunda a farke take. Ɓarnar tana wajen barin manhajar riƙe bugu tana tashi tare da Windows, kana karatu ko rubutu tana zuƙe batir. Ga wanda ke lallaɓa caji saboda an ɗauke wuta, wannan hasara ce ba riba.

A lokacin zafi ma abin da ke sa wasa cijewa a laftof ya fi zama ɗumi: furosesa ta kai iyakarta ta rage gudu da kanta. Busa ƙurar fanka, ɗaga bayan laftof ɗin daga kan katifa, da jona caja yayin wasa sun fi duk umarnin da ke shafin nan tasiri.

14. Za a iya kore ni daga wasa saboda wannan?

Neman bugun milisakan 1 abu ne da manhajoji ke yi kullum, ba maguɗi ba ne. Abin da ake kora a kansa daban ne: manhajojin da ke kutsawa cikin wasa su yi masa ƙaryar lokaci don ya yi sauri ko ya yi jinkiri. Haɗarin da ya fi kusa da kai shi ne fakitin "gyaran FPS" da ake saukewa daga inda ba a sani ba, a ba shi izinin admin ya rubuta abin da ya ga dama.

15. Waya, PlayStation da Linux fa?

A waya da PlayStation ba a ba ka wannan ƙofar ba, kuma ba ka rasa komai ba. In kana buga wasan waya a kwamfuta ta BlueStacks ko GameLoop, duk abin da aka faɗa a kan Windows ya shafe ka, amma ka fara tabbatar da an kunna VT-x ko AMD-V, saitin furosesa da irin waɗannan manhajojin ke dogara da shi, a BIOS.

Linux, har da SteamOS na Steam Deck, tana da agogo masu kaifi a cikin kanta tun wajen 2007, don haka matsalar barcin 15.6 ba ta taso ba. Mai kama da tambaya ta 8 dai tana faruwa: in ta ga TSC bai tsaya daidai ba takan koma HPET da kanta, wasa ya yi nauyi. Fayil ɗin current_clocksource, a ƙarƙashin /sys/devices/system/clocksource/clocksource0, zai nuna maka wanda take kai. Abin da ake so a gani shi ne tsc.

16. Na riga na taɓa. Yaya zan mayar da komai yadda yake?

Kafin komai, in faifanka na kulle da BitLocker, nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 ka rubuta a takarda, don taɓa saitin tashin Windows kan sa wani lokaci a tambaye shi. Sannan a Command Prompt na admin rubuta bcdedit /deletevalue useplatformclock, ka maimaita da useplatformtick da disabledynamictick. Gogewa ake yi, ba mayarwa false ba, don Windows ta koma zaɓar wa kanta. In ta amsa cewa ba ta samu abin ba, da ma ba a saka shi ba.

Cire TimerResolution ko ISLC daga jerin masu tashi da Windows, ka duba Task Scheduler ma, can suke yawan maƙalewa. Goge GlobalTimerResolutionRequests in ka ƙirƙire shi, mayar da HPET a Device Manager in ka kashe. Sake kunna kwamfutar, ka rubuta bcdedit /enum kamar yadda yake a tambaya ta 10 don tabbatar da layukan uku sun tafi.